Sai Iskokin Gida Sun Tafi

Kullum da la'asar mijina yakan haɗa jakarsa. Ba wani kayan kirki yake zubawa ba: reza, safa, kofin shayinsa, wata rana har da cokalin miya. Sai ya ɗora hula, ya zo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Shulan, yaushe za mu tafi gida?"

"Idan an sayar da wannan, Tsoho."

"To a sayar mana. Me ake jira?"

Tambayar da ni ma na shekara da shekaru ina yi ke nan, ban sami mai ba ni amsa ba.

Daga Shenyang ta ƙasar Sin muka zo tsibirin Jeju, a lokacin da duk mai ɗan abin hannu a garinmu yake ta rawar kai. An ce baƙon da ya sayi gida a irin waɗannan benaye na shaƙatawa za a ba shi izinin zama a Koriya. Mijina Meng Baoshan, mutumin da ko kabeji zai saya sai ya zagaya kasuwa sau biyu, ya je wani taro a otal, aka nuna musu hoton teku shuɗi shar, ya dawo ya sayar da gidanmu da wanda uwarsa ta bar masa. Bai shawarce ni ba. Wai kyauta ce, kuma ba a shawartar wanda za a yi wa kyauta.

Laifin bakina ne. Muna sabon aure ya kai ni Dalian, muka tsaya a bakin ruwa ina shan ƙanƙara mai zaƙi, na ce da ma a nan muke zaune. Magana ce ta yarinya da ta ga teku ranar farko. Ni kafin mu hau jirgin ƙasa na manta da ita. Shi kuwa ya riƙe ta a ciki har furfura ta cika masa kai.

Ban taɓa gaya masa na tsani wurin nan ba. Na tsani iskar da ba ta hutawa, da danshin da ke sa takalmi ya yi fumfuna a cikin kabad. Tekun ma da aka yi abin dominsa, sai ka tsaya a kusurwar taga ka karkata wuya sannan ka hango ɗan siririnsa tsakanin benaye biyu. Abin da tagarmu take kallo sosai shi ne wani kabari a tsakiyar ciyawa, an kewaye shi da baƙaƙen duwatsu. Masu ginin sun yi sun yi a ɗauke shi, dangin mamacin suka ƙi, aka haƙura aka yi gini ta gefensa.

Da farko akwai mutane. Daga baya suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya koma Beijing, wancan ya bi ɗansa Kanada, suka bar labule a sake. Kantin ƙasa ya rufe. Wurin ninƙaya ya bushe, kwaɗi suka gaje shi. 'Yan ƙasarmu sun daina zuwa saye, 'yan tsibiri kuma suka ce me za su yi da gidan da ba makaranta ba kasuwa kusa da shi, banki ma ba ya marmarin ba da rance a kansa. A hawanmu na ƙasa gida biyu muka rage, mu da Madam Kuang, maƙwabciyarmu ta jikin bango.

Madam Kuang ce shugabar ƙungiyar masu gidaje. Mace ce mai jan baki ko shara za ta zubar. Ita ta sa muka yi alkawari a taro, hannu a sama, cewa ba wanda zai sayar ƙasa da yadda ya saya. "Duk wanda ya karya farashi ya karya mu duka," in ji ta. Alkawarin bai yi wa kowa wuyar riƙewa ba, tunda ko mai tayawa babu.

Sai ciwon Tsoho ya fara. Makulli a cikin firij, tukunya a kan wuta babu ruwa. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya, abin da zai fi masa shi ne a mayar da shi inda ya san tituna, inda ake magana da harshensa, tun yana iya gane su. 'Yarmu Yan ta samo wani ɗan gida a Shenyang kusa da lambun da tsofaffin abokan aikinsa suke buga dara. Amma da me za mu saya? Duk abin da muka tara a duniya yana cikin bangon nan mai fumfuna. Ita kuwa Yan tana cunkushe ne da miji da ɗa da surukarta, ko kyanwa ba ta da inda za ta sa.

Lemo ya fara ja a gonaki ke nan dillaliya Miok ta kira ni. 'Yar Yanji ce, can kusa da iyakar Sin da Koriya, Sinanci da Koriyanci duk nata ne, ita ke yi mini tafinta a komai.

"Yaya, share gida! Na samo miki mai saye."

"Ke dai ba kya gajiya da wasa."

"Na rantse. Ki ɓoye bokitin da kike tara yoyo."

Ta zo da wata gajeriyar tsohuwa, rana ta ƙona mata fuska, tana jan ƙafa ɗaya, jikanta na biye da kwalin lemo. Kaka Bu ake ce mata. Ban ga ta kalli kicin ba, ban ga ta leƙa banɗaki ba. Taga ta nufa kai tsaye, ta buɗe, iska ta watsar mini da takardu, ta leƙa ta ɗaga murya da Koriyancin tsibiri mai kauri. Na dubi Miok.

"Mijinta take gaisarwa," in ji Miok a hankali. "Shi ne a kabarin can. Tana ce masa ciyawa ta yi masa yawa."

Ashe filin nan makiyayar ƙauyensu ce a da. Ta sayar da gonar lemonta da tsohon gidanta saboda gwiwa ta ƙi, 'ya'yanta suna jan ta birni, ta ce ba inda za ta sai inda za ta riƙa ganin tsohonta tana shan shayi. Ta taya kusan rabin abin da muka biya. Miok ba ta gama fassarawa ba na ce na sallama. Na ji kunyar saurin da na yi, amma daɗi ya fi kunyar yawa.

"To yaushe za a sa hannu?" na tambaya. "Jibi?"

Kaka Bu ta dube ni kamar na ce a yi biki a maƙabarta. Kalma ɗaya ta faɗa, wannan kam ba na buƙatar tafinta: shingugan.

Na san shi mana. Duk ƙarshen watan Janairu, a tsakiyar sanyi, tsibirin nan yakan haukace na kimanin mako guda: motocin kaya ko'ina, katifu suna hawa bene ta taga. A makon ne iskokin da ke tsaron gidaje suke tafiya sama su kai rahoton shekara, kafin sababbi su sauko. Gida ba mai tsaro, sai ka tashi, ka rushe bango, ka matsar da murhu, ba wanda zai yi fushi. Shekaru ina kallon abin ina dariya. Ban taɓa zaton zai zo ya zauna mini a wuya ba.

"Gaya mata a sa hannu yanzu, ta tare duk ranar da ta ga dama. Gidan yana nan yana jiranta."

Miok ta faɗa, tsohuwa ta girgiza kai ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce iskokin gida ba wawaye ba ne, Yaya. In aka sauya mai gida suna zaune, a kan wa za su huce? A kanta. Ta ce akwai wani a ƙauyensu da ya matsar da murhu da bazara, har ya mutu bakinsa a karkace yake."

"Ki ce mata iskokin gidan nan Sinawa ne, ba ruwansu da wannan."

Miok ta faɗa tana ƙunshe dariya. Kaka Bu ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙasar dai ta Jeju ce. Ta ɓare lemo ta miƙa wa Tsoho, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya kamar a ofis.

Da na raka su bakin mota Miok ta ja ni gefe. Gidan da sunan Tsoho yake shi kaɗai, kuma ranar sa hannu lauya zai tambaye shi baki da baki ko ya yarda. Ta ce gara ya rubuta mini takardar wakilci tun yanzu da kansa yake daidai. Na ga gaskiyarta. Na jira ranar da ya tashi garau, na dafa masa naman alade da kabeji mai tsami irin na gida, sannan na kawo maganar a hankali.

Ya ajiye tsinken cin abinci. "Na mutu ne?"

"Haba Tsoho, wa ya ce—"

"To me ya sa za ki sa hannu a madadina? Ni na saya da hannuna, ni zan sayar da hannuna. Ko kun yanke ni mahaukaci ne, ke da likitanki?"

Idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da ya shugabanci ɗaruruwan ma'aikata, yau yana roƙon a bar masa sa hannu ɗaya. Na kasa. Na bar masa girmansa, na ce wata uku kamar gobe ne.

Labari ba ya ɓuya a hawa mai mutum uku. A wurin zubar da shara Madam Kuang ta tare ni, da jan bakinta.

"Ƙanwata Dong, na ji an ce kin zama mai gwanjo."

"Mijina ba lafiya, Yaya Kuang."

"Wa ke da lafiya a nan? Ni hawan jini gare ni, kin ga na zubar da gidana kamar ruɓaɓɓen kifi? Kuma wa kika sayar wa? Mai tsinkar lemo! Gobe ta shanya mana barkono a bakin wurin ninƙaya."

"Ko barkono ne ai an ga mutum a wurin."

"Ke dai kin ɗaga hannu a taro, kowa ya gani."

Kafin yamma ta rubuta sunana a zauren ƙungiya na waya. Mutanen da rabonsu da tsibirin nan tun yaushe suka yi ta aiko zagi daga ƙasashe uku. Na kashe wayar na ci gaba da wanke-wanke.

Daga nan na buɗe makaranta. Kullum da safe, a kan kunun gero, sai na zama lauya.

"Sunanka?"

"Meng Baoshan."

"Me ka zo yi?"

"Sayar da gidana."

"Da son ranka?"

"Da son raina. Malama, na ci jarrabawa? A ƙaro mini kunu."

A watan farko har tsokanata yake yi. A na biyu ya fara tsayawa kafin ya amsa, yana kallon cokali kamar amsar tana ciki. Da sabuwar shekara ta shigo, wata safiya ya kira ni da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Wata rana kuma ina goge masa takalmi ya sunkuyo ya tambaye ni cikin ladabi ko ana biyana da kyau a gidan nan. Na ce ana biya. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji kukana. Amma tambayoyi ukun nan suna nan daram a bakinsa, ko daga barci aka tashe shi zai amsa, kuma da su na dogara. Ina kallon kalanda ina zagin iskokin da suka ƙi tafiya da wuri, ni da ban taɓa yarda da su ba.

Ranar ta zo da iska da tsattsafin ƙanƙara. Hanya cike da motocin kaya, firij da kabad a ɗaure da igiya, kowa na sauri kafin masu gida su dawo. Na sa wa Tsoho kwat ɗinsa mai ruwan toka, na taje masa gashi. A mota ya amsa tambayoyin duka ba gargada. Miok ta waiwayo daga wurin tuƙi ta ɗaga masa babban yatsa.

Ofishin lauyan ɗan ƙarami ne, da warin kananzir na abin ɗumama ɗaki. Kaka Bu ta riga mu zuwa, ta yi ado da rigar fita, babban ɗanta a gefenta. Lauyan mutum ne mai sanyin murya. Ya jera takardu, ya duba fasfo, ya dubi Tsoho, Miok na fassarawa.

Suna? Ya faɗa da ƙarfi kamar soja. Ina gidan yake? Ya faɗa har da lambar ƙofa, abin da ban ma koya masa ba. Hankalina ya fara kwanciya.

"Ka yarda ka sayar wa wannan dattijuwa gidan nan, da son ranka?"

Tsoho ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗa kan wani hoton kalanda a bango, teku da ɗan jirgin ruwa. Ya daɗe yana kallonsa.

"A'a," ya ce, yana girgiza kai.

Na dubi Miok, na san tana shawarar ko ta fassara wani abu dabam. Ba amfani. Girgiza kai ba ya buƙatar tafinta.

"Sunana ne a takarda, amma ba nawa ba ne," Tsoho ya ci gaba, a natse, da muryarsa ta da, ta shugaban ma'aikata. "Na matata ne. Teku take so. Tun muna yara ta gaya mini, na ce sai na kai ta ko da zan tsufa. Ba zan sayar mata da abu ba tana can ba ta sani ba. Ku bari ta zo."

Lauyan ya nuna ni ya ce ai ga matarsa nan.

Tsoho ya juyo ya dube ni, ya yi mini murmushin da ake yi wa baƙo mai mutunci. "Wannan ita ke dafa mana abinci. Mutuniyar kirki ce ƙwarai. Amma ba ita za ta yanke wannan ba."

Ban san sanda na kama hannunsa ba. "Tsoho, ni ce! Ni ce Shulan! Ka sayar, na yarda. Ba na son tekun nan, ban taɓa sonsa ba! Na tsani iskarsa, na tsani warinsa, tun ranar da muka sauka nake son komawa gida!"

Abin da na binne shekara da shekaru ke nan, ga shi na amayar da shi a gaban baƙi. Tsoho ya zare hannunsa a hankali. Ya dubi lauyan kamar mai neman afuwa a madadina.

"Ka gani ko? Shulan ba za ta taɓa faɗin haka ba."

Lauyan ya haɗa takardun ya daidaita gefensu. Na roƙe shi mu dawo gobe da sassafe, da safe kansa ya fi kyau. Ya ce ya yi mini baƙin ciki, amma abin da kunnensa ya ji ya riga ya ji, kuma duk lauyan da ya san aikinsa haka zai ce. Sai dai kotu ta naɗa mai kula da dukiyarsa, kuma da yake mu baƙi ne, sai takardu sun je ƙasarmu sun dawo. Na tambayi tsawon lokacin. Ya ɗaga kafaɗa, Miok ba ta ma wahalar da kanta da fassara ba.

Kaka Bu ta taso ta riƙe hannuna da nata masu kaushi. Ta yi magana, na gane kalmar haƙuri kawai. Ita ma tana cikin nata matsin: wanda ya sayi tsohon gidanta zai shigo a makon nan, dole ta fita kafin iskoki su sauko.

Saura kaɗan makon ya ƙare na ji ƙarar mota a ƙofar benenmu. Na leƙa. Tuluna na miya, tabarmi, tsohon kabad mai adon baƙin ƙarfe, ana shiga da su gidan da ke jikin bangonmu. Tagar Madam Kuang ma kabarin take kallo. Daga baya Miok ta gaya mini, tana kallon ƙasa, cewa Madam ce ta kira ta da kanta a yammacin ranar da muka dawo daga wurin lauya, kuma ta sallama wa Kaka Bu gidanta ƙasa da nawa. Madam Kuang ba ta yi mini sallama ba. Ta fita daga zauren ƙungiya, ta bar mini rabin buhun shinkafa a bakin ƙofa. Na so in watsar da ita a wurin ninƙaya, amma shinkafa ce mai kyau, ta arewa, na dafa.

Mai saye ɗaya tak tsibirin nan ya taɓa haifa mana, ga ta nan yanzu bango ɗaya ya raba mu. Takan aiko da lemo. Da hantsi ina jin ta ta buɗe taga tana ba mijinta labarin gwiwarta, da farashin kifi, da jikan da ya ƙi karatu. Nata yana ƙarƙashin ƙasa, amma ta san inda yake.

Jiya da la'asar Tsoho ya haɗa jakarsa, ya ɗora hula, ya zo ƙofar kicin.

"Shulan, yaushe za mu tafi gida?"

Da sunana ya kira ni, sarai, ba kuskure. Na tsaya da wuƙa a hannu, na rasa ko in yi murna ko in fasa ihu.

"Sai iskoki sun tafi, Tsoho."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ya je ya ja kujera zuwa kusurwar taga, ya ɗora jakar a cinya, ya karkata wuya yana leƙen tsakanin benayen nan biyu. Can ya ɗaga hannu ya yafito ni.

"Zo mana. Yau ya yi shuɗi. Zo ki ga tekunki."

Na goge hannuna, na jawo kujera, na zauna kusa da shi.